Babi na Shida: Ragowar Taki a Gonar Alkama

Idan watan Oktoba ya raba tsakiya, ruwa ya fara janyewa daga fadamun Jega, aka soma yankan shinkafar damina a wuraren da ambaliya ta bari, a lokacin nan ne wata tsohuwar muhawara takan taso tsakanin manoman rani, wadda ba a taɓa yanke ta a zama ɗaya ba. Wani ya ce gonarsa ta sha taki bara har ta ƙoshi, buhu kaza na kamfa, buhu kaza na yuriya, saboda haka in ya shuka alkama bana rabin abin da ya saba zubawa ya ishe ta, domin ƙasa ba ta cin amana. Wani kuwa ya ce faufau, takin Bature ba ya kwana, abin da aka zuba bara ya bi ruwa, mai son alkama sai ya sake kwance bakin aljihu. Kowannensu yana da hujjar da ya gani da idonsa, kowannensu kuma yana da rabon gaskiya. Sai dai rabon ɗaya ya ɗara na ɗaya nesa ba kusa ba. Nufinmu a wannan babi shi ne mu auna maganganun nan biyu da mizanin da masana suka yi shekaru fiye da ɗari suna gyarawa, sa'an nan mu duba ko ɗanyen taki, watau tsiron da ake shukawa musamman don a binne shi da ɗanyensa, zai iya yin abin da buhu ya kasa.

Garuruwan da muke magana a kansu, Jega da Aliero da Maiyama, duk suna ƙarƙashin masarautar Gwandu, kuma tun 1991 suna cikin Jihar Kebbi, amma sana'ar ƙasarsu ta ɗan sha bamban. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820, tana zaune a bakin gulbin Zamfara, ga fadama ga kasuwa, tun zamanin da fatake ke sauka a cikinta da goro da gishiri. Aliero, a kan hanyar Tambuwal da Sakkwato, albasa ce ta fitar da sunanta har ƙasashen maƙwabta. Maiyama kuwa, kudu da Jega a kan hanyar Koko da Yawuri, tana da tudu mai faɗi inda ake gero da dawa da wake da gyaɗa, tana kuma da nata rabon na fadama. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanni sun noma ta a ƙananan lambuna suna ba ta ruwa da jigo, don alkaki da taliya da finkaso na ranar biki. Abin da ya zo daga baya shi ne noma ta don ciyar da injinan fulawa. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita daga waje a 1987, aka janye hanin a 1992. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba ƙananan manoman shinkafa da alkama rance. Duk da haka, sa'ad da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna abin da aka noma a 2021, kusan tan 37,000 ta samu, alhali abin da ƙasar ke saye daga ƙetare kowace shekara miliyoyin tan ne. Dalilan wannan giɓi suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu yana ƙarƙashin ƙafar manomi.

Alkama tsiro ne mai son sanyi, mai kuma ci da yawa. Ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta yi goyo a cikin hunturu, a girbe ta a Maris kafin zafin bazara ya ƙanƙance mata ƙwaya; wanda ya makara da shuka, ko ya zuba takin duniya, ba zai mayar da abin da zafi ya ƙwace ba. Daga cikin abincin da take ɗauka a ƙasa, babu wanda take bukata da yawa kamar sinadarin naitirojin, wanda shi ne ke sa ganye ya yi kore shar, shi ne kuma ke sa fulawa ta yi danƙo a hannun mai gurasa. Kowane tan na ƙwaya yana cin kimanin kilo 25 zuwa 30 na wannan sinadari, shi ya sa malaman gona sukan yi umarni da kilo 100 zuwa 120 a kowace hekta. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin; buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi kacal. Ashe ke nan hektar alkama tana neman abin da ya kai buhu biyar na yuriya, ko makamancinsa in an haɗa da kamfa. Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin taki a 2022, darajar naira kuma ta faɗi a bayansa, buhu biyar ya zama abin da magidanci ke kwana yana tunani. Ba abin mamaki ba ne in ya so a ce masa na bara yana nan yana jiransa.

To, bari mu bi ƙwayar yuriya daga hannun manomi mu ga inda take ƙarewa. Da zarar ta taɓa ƙasa mai laima sai ta narke, cikin 'yan kwanaki kuma ta rikiɗa ta zama amoniya. In an watsa ta ne a fuskar ƙasa da rana tsaka, ba a rufe ta ba, ba a kuma bi ta da ruwa nan da nan ba, wani kaso zai tashi sama a matsayin iska. Warin nan mai hawa kai da akan ji a fangali kwana biyu bayan an zuba taki, kuɗin mai gona ne yake tafiya. Abin da ya tsira daga wannan, ƙananan halittun ƙasa, waɗanda Allah Ya yi su ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, sukan juya shi zuwa wani nau'i da ake kira naitiret, wanda saiwa ke sha cikin sauƙi, amma wanda ba ya manne wa ƙasa ko kaɗan, duk inda ruwa ya nufa yana biye da shi. A ƙasa mai rairayi, ban ruwa ɗaya da ya wuce kima ya isa ya gangara da shi inda saiwar alkama ba ta kai. In kuwa ruwa ya kwanta a gona har iska ta ƙare a cikin laka, kamar yadda yake faruwa a fadamar Jega a Agusta da Satumba, sai wasu halittun dabam su kama naitiret ɗin nan su kwance shi, su mayar da shi iskar da aka ɗauko shi daga cikinta tun farko. Saura kaso na ƙarshe, wanda halittun ƙasa suka ci suka gina jikinsu da shi. Wannan ne kaɗai yake zama, shi ma ba a hannun manomi yake ba, sai sun mutu sun ruɓe suke sakinsa kaɗan-kaɗan.

Wanda ya fahimci wannan zai gane abin da ya sa gonar albasa ta Aliero, duk da takin da ake ɗura mata, ba ta zama taska ga amfanin da zai biyo baya. Albasa gajeriyar saiwa gare ta, tana barin naitiret mai yawa a ƙasa ranar da aka cire ta. Amma albasar rani da alkama lokacinsu ɗaya ne, ba mai bin wata a shekara guda, kuma kafin wata Nuwamba ta zagayo damina cikakkiya ta wuce ta kan gonar. Abin da ya rage a Maris, in ba a shuka wani abu ya kama shi da ruwan farko ba, ba za a tarar da shi ba bayan wata takwas.

Wannan bayani ba ƙiyasi ba ne, an tabbatar da shi da awo. Hikimar da masana suka yi ita ce: naitirojin iri biyu ne a halitta, akwai wanda ya ɗan fi ɗan'uwansa nauyi, wanda bai kai huɗu cikin dubu ba a iskar da muke shaƙa. Sai su yi taki da mai nauyin nan, ya zama yana da alama, su zuba a gona, daga baya su auna ganye da ƙwaya da ƙasa da ruwan da ya tsiyaye, su ga inda kowane kaso ya shiga. An maimaita wannan a ƙasashe da yawa, sakamakon kuwa ya yi kusa da zama ijma'i: amfanin da aka zuba wa takin yakan ɗauki kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, amfanin da ya biyo bayansa kuwa da wuya ya sami fiye da 'yan kashi kaɗan, in ma an haɗa na shekaru huɗu ko biyar masu zuwa jimillarsu ba ta cika kai kashi goma ba. A Faransa an zuba irin wannan taki mai alama a 1982, a gonar da ake juya alkama da wani tsiro mai saiwa da suke yin sukari da shi, aka yi ta bin sawunsa shekara talatin. Da aka bayyana sakamakon a 2013, sai ga shi tsirrai sun ɗauki kashi 61 zuwa 65, kashi 8 zuwa 12 ya gangara cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, kashi 12 zuwa 15 kuma yana nan cikin ƙasar har lokacin. Watau ragowa gaskiya ce, amma tana fitowa ne da ɗigo, ba da yawan da za a ƙosar da alkamar bana ba. Wannan kuwa a ƙasa mai sanyi ke nan, wadda ba ta san irin ranar Kebbi ba, ba ta kuma san ambaliya irin wadda aka yi a Kebbi a 2020 ba.

Me ke nan manomin farko ya gani, da ya rantse gonarsa ta riƙe takin bara? Bai yi ƙarya ba. Buhun kamfa abu uku ne a haɗe, kuma na biyunsu, watau sinadarin fosfaras, wanda ake samu kuma a takin supa, halinsa ya saɓa wa na naitirojin: yana manne wa ƙasa, amfanin farko ba ya cin fiye da rubu'insa, sauran yana zama shekara da shekaru. Gonar da ta saba shan kamfa lalle za ta fi wadda ba ta taɓa gani ba kyawun tashi. Kuskurensa ɗaya ne, da ya ɗauka hukuncin kamfa ya hau kan yuriya.

Yanzu sai mu juya ga ɗanyen taki. Tun kafin a san sunan naitirojin manoma sun lura cewa hatsi yakan yi kyau a inda aka noma wake. Ibnul Awwam, malamin Ishbiliya ta Andalus a ƙarni na 12, ya tattara abin da magabata suka sani game da taki da gyaran ƙasa a littafinsa Kitabul Filaha, manoman Rum da na Sin kuma sun daɗe suna binne dangin wake da garma kafin su shuka hatsi. Amma sirrin bai bayyana ba sai a 1886, sa'ad da Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa 'yan ƙulalan nan da ke jikin saiwar wake su ne wurin aikin. A cikinsu ne wasu ƙananan halittu ke zaune, suna kamo naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin ɗari nata shi ne, suna miƙa wa tsiron, shi kuma yana ciyar da su. Aikin kamo naitirojin daga iska da masani Haber ya gano yadda za a yi a 1909, Bosch kuma ya gina masa masana'anta a 1913, da wuta mai tsanani da matsi mai tsanani, wanda shi ne har yau ake yi a masana'antun yuriya na Eleme da Lekki, shi ne saiwar wake ke yi a ɓoye ba da ko sisi ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara haka. Mai son ya ga ko aikin yana gudana, ya tuge wake ɗaya yana gab da fure, ya fasa ƙulli da farce. In cikinsa ja-ja ne, to ana aiki, in fari ne ko kore, babu abin da ake kamowa.

Idan aka binne irin wannan tsiro yana ɗanye, naitirojin ɗinsa ba ya fita gaba ɗaya, sai gwargwadon yadda ganye da kara da saiwa suke ruɓewa. Awo da taki mai alama ya nuna cewa amfanin farko sau da yawa yakan sami ƙasa da abin da zai samu daga buhu, amma abin da ke zama cikin ƙasa ya fi yawa, abin da ke salwanta kuma yakan ragu. Ɗanyen taki ya fi kama da adashi: zubi ne da ake yi yau da gobe, kwasa kuwa sai wanda ya daure har zagayen ya iso kansa. Babbar shaida a kan daɗewar takin da ya fito daga rai tana Rothamsted ta Ingila, inda Lawes da Gilbert suka fara gwajin alkama a 1843, wanda har yau ba a daina ba. A wata gonar sha'ir da ke nan an zuba takin dabbobi shekara ashirin, daga 1852 zuwa 1871, sa'an nan aka daina ɗungum; bayan fiye da shekara ɗari ƙasar wurin ba ta koma daidai da wadda ba a taɓa zuba wa ba. A nan gida ma, a Samaru ta Zariya, an kafa gwaji irin wannan a 1950, na kashin shanu da takin zamani, abin da ya koyar kuwa shi ne gonar da ake ba takin naitirojin tsura shekara da shekaru takan yi tsami ta gaji, wadda ake haɗa mata da kashin shanu ita ke riƙe ƙarfinta.

Ƙasar da ta fi kowa gwada wannan a noman da ya yi kama da namu ita ce Indiya, inda miliyoyin hekta suke juyawa tsakanin shinkafar damina da alkamar hunturu. Can sukan shuka wani ɗan'uwan zamarke bayan girbin alkama, ya yi kwana 45 zuwa 60, su binne shi su dasa shinkafa. In ya yi kyau yakan tara kilo 80 zuwa 100 na naitirojin a hekta. A Sanagal kuma, wajen 1981, masana suka bayyana wani nau'in zamarken Afirka ta Yamma mai ƙulalai har a jikin kararsa, wanda ke iya aikinsa ko ruwa ya shanye saiwarsa. Amma a lura da abin da manoman Indiya suka tarar: shinkafar da ta biyo bayan binnewa ita ce ke cin mafi yawan moriya, alkamar da ta zo bayan wata biyar ɗan abin da take samu a shekarar farko kaɗan ne, sai an jera shekaru ana yi kafin bambancin ya fito sarai. A ƙasa mai zafi da laima ganye mai taushi ba ya jira. Saboda haka wanda yake nufin alkamarsa ce za ta ci, wajibi ne ya binne ɗanyen takin mako biyu ko uku kafin shukar Nuwamba, ba a farkon damina ba.

A nan ne mas'alar take yin wuya a ƙasarmu. Tsiron da za a binne a ƙarshen Oktoba dole a shuka shi a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, a lokacin kuwa cikin fadama ko dai ruwa ne ko shinkafa. Wurin da abin zai yiwu shi ne gefen fadama, inda ambaliya ba ta cika kaiwa ba amma injin ban ruwa yana kaiwa da rani, irin wanda ake samu a ƙasar Maiyama da bayan Jega. Akwai wata kafa kuma tsakanin girbin alkama a Maris da saukar damina, wadda waken kwana sittin na cibiyar binciken noma ta IITA zai iya shiga. Sai dai wannan noman fetur ne, tun ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa, da aka janye tallafin mai, kowane ban ruwa sai an yi masa hisabi, moriyarsa kuma shinkafa ce za ta fara ci. Kada kuma wani ya ce a yanko ganyen daga wani wuri a kawo: kilo 80 na naitirojin yana cikin ɗanyen ganye da ya kai tan goma sha biyar, ba aikin jaki ba ne, ba na amalanke ɗaya ba.

Babbar katangar kuwa ita ce harawa. Ka je ka ce wa mutumin Maiyama ya binne wakensa yana cikin fure, alhali yana da raguna biyu da yake kiwo don Layya, ga damin harawa yana tsada da bazara har a kan rufin ɗaki ake ɓoye shi, zai saurare ka don ladabi, amma ba zai yi ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. An taɓa gwada wannan nasiha. Tun 1922 Turawan gona a Moor Plantation ta Ibadan, ƙarƙashin Faulkner, suka duƙufa a kan binne wani ɗan'uwan ƙarara don raya ƙasa, gwajin ya yi kyau a gonar gwamnati, manoma kuwa suka ƙi karɓa, domin ba wanda zai yi wa tsiron da ba a ci wahalar damina guda. A Arewa sai aka koma ga noma da shanu, watau garma da takin turke, wannan ne ya kama, domin ya dace da abin da mutane suka riga suka sani tun zamanin da manomi ke roƙon Bafillace ya kwana da garkensa a gonarsa bayan kaka.

Amma wajibi ne a faɗi gaskiyar da ba a son ji game da wake da gyaɗa. In an tsince ƙwaya aka kai kasuwa, aka naɗe harawa aka kai gida, to mafi yawan naitirojin da tsiron ya kamo ya bar gonar. Abin da ya rage saiwa ce da ganyen da ya kakkaɓe. Alkama takan yi kyau a bayansu fiye da bayan dawa, wannan haƙiƙa ne, amma sau da yawa dalilin shi ne wake bai cinye na ƙasa ba kamar yadda dawa za ta cinye, ba wai ya bar wata dukiya ba. Harawar da rago ya ci ba ta ɓata ba muddin kashinsa da fitsarinsa sun koma gonar da ta fito. Sai dai takin turke da aka bari a rana da ruwan sama naitirojin ɗinsa kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari, watau tan guda bai kai rabin buhun yuriya ba. A tara shi a inuwa, a shimfiɗa masa tattaka ta sha fitsarin, a kai shi gona a rufe da ƙasa. Game da bambaron shinkafa kuwa, wanda ya ƙone shi ya aika kusan dukan naitirojin ɗinsa sama; wanda kuma ya binne shi gab da shuka zai ga alkamarsa ta fito rawaya, domin bambaro busasshen abinci ne, halittun ƙasa sai sun ari naitirojin da ke kusa kafin su iya cinsa, ba kuwa za su mayar ba sai bayan makonni.

Akwai wata fuska ta wannan al'amari da malaman gona ba su cika taɓawa ba, alhali malaman fiƙihu sun riga su. Fadama da yawa a yau haya ake ba da ita, rani ɗaya rani ɗaya. Wanda ya karɓi gona na wata biyar, bai san ko baɗi shi za a ba ko wanda ya fi shi kuɗi ba, don me zai binne wake, don me zai kai taki amalanke ashirin, tun da mafi yawan albarkar wani ne zai gada? Hankali zai gaya masa ya sayi yuriya, wadda ke biya cikin kwana arba'in ta tafi. Shehu Halil, malamin Misra na ƙarni na 14, wanda ake karanta Muhtasar ɗinsa a zaurukan Gwandu da Jega har gobe, ya kawo a babin hayar ƙasa cewa ya halatta mai gona ya sharɗanta wa mai haya ya zuba mata taki, matuƙar an san nau'i da gwargwado. Masu sharhi kuma suka bayyana illar hukuncin, cewa amfanin takin yana wanzuwa bayan wa'adi ya ƙare, saboda haka ya zama wani yanki na kuɗin hayar, ba kuwa a yin ciniki a kan abin da ba a san adadinsa ba. Dubi wannan basira: sun ɗauki ragowar taki dukiya ce mai ƙima, wadda ke shiga lissafi tsakanin mutum da mutum. Turawan Ingila ba su kai ga sanya wannan a doka ba sai a 1875, suka kuma tilasta shi a 1883, cewa mai haya in zai tashi a biya shi diyyar takin da ya zuba wanda ƙasa ba ta gama ci ba. Lawes na Rothamsted da kansa ya tsara jadawalin da ake ƙiyasta wannan ƙima. Mu da muke da asalin hukuncin a littattafanmu, muke kuma zaune a ƙasar Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya wallafa littafi sukutum a kan haƙƙin mallakar ƙasa, bai kamata a ce hayar fadamarmu ba ta san wannan ba.

Hukuncin muhawarar da muka fara da ita ke nan, gwargwadon abin da awo ya nuna. Wanda zai shuka alkama a bayan shinkafar da ruwa ya kwanta mata, kada ya rage ko mudu ɗaya na yuriya bisa dogaro da na bara, in ma ya binne bambaro sai ya ɗan ƙara a zubin farko. Abin da zai iya sassautawa, in gonar ta daɗe tana shan kamfa, shi ne supa. Wanda ya binne wake ko zamarke mai kyau kafin shuka yana iya rage buhu ɗaya, in abin ya yi albarka ƙwarai biyu, daga cikin biyar ɗin nan, amma ba duka ba. Kowa kuma ya raba takinsa kashi biyu, ɗaya wajen shuka ɗaya bayan mako uku zuwa huɗu sa'ad da alkama ke 'ya'ya, ya rufe shi ko ya bi shi da ruwa daidai kima. Wanda bai gamsu ba, gonarsa ce alƙali: ya ware fangali huɗu a jere, ya ba biyu cikakken taki ya ba biyu rabi, ya auna da tiya ranar sussuka.

Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da gonar koyarwa da bincike a fadamar Jega. Muna roƙon malamanta su keɓe wani yanki su kafa gwajin shinkafa da alkama da wake wanda ba zai ƙare da ƙarewar digirin ɗalibi ba, a bar shi shekara ashirin ko fiye kamar na Samaru, a kuma buɗe ƙofarsa ga manoma su gani da idonsu. Masu fadama kuwa, da hakimai da dagatan da ake ƙulla haya a gabansu, muna roƙonsu su riƙa ba da gona shekara uku a jere ga wanda ya yarda ya kai mata taki, a ambaci adadin amalanke a gaban shaidu, a kuma rage masa kuɗin haya gwargwadon abin da zai bari a cikinta.